Ciwo Biyu a Jikin Anti Tikiti

Shekara ashirin da biyu ta yi tana sayar da tikiti a taga ta uku ta tashar jirgin ƙasa, har sunanta na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Masu shara, masu dako, direbobin jirgi, kowa Anti Tikiti yake ce mata. Ko mahaifiyarta, in tsokana ta motsa mata, haka take kiranta.

Ɗakin da take aiki bai fi taku uku ba ko ta wane gefe. Akwai kujera mai juyawa, da gilashi mai 'yar kafa a ƙasa inda hannu ke shigowa, da hatimi, da fanka mai ƙara kamar tana gunaguni. Ta san lokacin kowane jirgi a ka. Daga yadda mutum ya riƙo jakarsa take gane ko ya makara, sai ta buga masa tikiti tun kafin ya gama faɗin inda za shi. Tsofaffin da ba su iya karanta allo ba, layinta suke bi ko da ya fi na kowa tsawo, domin ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba.

Ba da ƙiba ta taso ba. A hoton da aka ɗauke ta shekarar da ta kama aiki, siririya ce, rigar aikin ma ta yi mata yawa. Ta yi aure, suka zauna shekara tara, ciki uku ya zube, daga baya ita da mijin suka rabu ba faɗa ba zagi, kamar mutanen da hira ta ƙare musu. Ta koma wajen Inna, mahaifiyarta, a wani gida mai ɗaki biyu a bene na uku. A nan ne wani abu ya zo ya zauna mata a ƙirji. Ba kuka take yi ba. Kawai dai komai ya daina yi mata daɗi, wanka ya zama aiki, gaisuwa ta zama aiki. Abu ɗaya da ke sa abin nan ya ɗan ɗaga mata na minti biyar shi ne ta sa wani abu a baki. Sai aljihun teburinta ya cika da biskit, tsakanin jirgin safe da na rana ta cinye fakiti biyu ba ta ma san ta ci ba.

Wata safiya ta zo aiki ta tarar kafintan tasha ya cire hannayen kujerarta. Ba wanda ya sa shi, kuma bai ce mata komai ba. Ta zauna, ta ji sarari a cinyoyinta, ta ji daɗin zaman, sannan kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga kai ta kalli mai sayen tikitin farko.

Ta je asibiti, ba sau ɗaya ba. Likitan da ke duba mata gwiwa da hawan jini ya ce, "Ki rage kilo talatin, za ki ga duk damuwar nan ta tafi." Likitan ƙwaƙwalwa kuma, a wani gini daban, ya ce, "Mu fara gyara zuciya tukuna, jiki zai biyo baya." Ya ba ta ƙwayoyi. Ƙwayoyin suka sa ta barci, suka kuma ƙara mata kilo takwas. Da ta koma wajen na gwiwa ya dubi sikeli ya dube ta, ya ce, "Baiwar Allah, ke ba kya son kanki ne?" Shekara shida tana zirga-zirga tsakanin gine-ginen nan biyu, kowanne yana tura ta wajen ɗan uwansa.

Tana da shekara arba'in da bakwai aka buɗe wani shiri a ƙaramin asibitin unguwarsu, na masu fama da ƙiba da ciwon damuwa a haɗe. Auta, ƙanenta, shi ya ga takardar a bango ya rubuta sunanta ba tare da ya tambaye ta ba. Ta yi fushi kwana biyu, ran na uku ta tafi.

Wadda ta karɓe ta wata ma'aikaciyar jinya ce gajera, kullum da biro a maƙale a bayan kunne, shi ya sa 'yan shirin suke ce mata Sista Mai Biro. Ba ta fara da sikeli ba. Kujera marar hannu ta jawo mata, ta zauna kusa da ita, ta ce, "Anti, me ya fi damun ki a satin nan? Abu ɗaya kawai."

Anti Tikiti ta ce, "Matakala."

"To, da matakala za mu fara. Ke mutum ɗaya ce, ba za mu raba ki gida biyu ba. Likitan jiki da na ƙwaƙwalwa a ɗaki ɗaya za su zauna su yi maganarki, ni kuma ina tsakiya."

Haka kuwa aka yi. Aka canja mata magani zuwa wanda ba ya buɗe ciki. Duk Talata ta zo, su ɗauki matsala ɗaya su farfasa ta ƙanana, ta rubuta a littafi abin da za ta gwada. Aka ba ta wata 'yar na'ura mai ƙirga taku ta maƙala a ƙugu. Bayan zaman, su takwas ɗin da ke shirin sai su fita su zagaya filin ƙwallon da ke bayan asibitin.

A filin nan ta haɗu da Maman 'Yan Biyu, mai aikin wanki da guga a wani otal. Ta fi Anti Tikiti jiki, kuma bakinta ba ya hutawa. Ranar farko, suna haki a zagaye na biyu, ta dafa kafaɗarta ta ce, "'Yar uwa, ki riƙe ni in riƙe ki. In muka faɗi a nan, ba motar asibiti za a kira ba, ta ɗaukar siminti za a kira."

Anti Tikiti ta yi dariya har sai da ta tsaya ta dafa gwiwa. Ta manta rabon da ta ji irin wannan ƙara ta fito daga bakinta.

Wata biyar aka yi a haka. Kilo tara suka tafi, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne a jiki irin nata, amma ta fara hawa bene uku da hutu ɗaya tak. Aljihun tebur ya koma na takardu. Wata rana Inna ta ji ta tana 'yar waƙa a banɗaki, ta leƙo ta ce, "Wai wa muka samu a gidan nan? Baƙuwa muka yi?"

Sai annoba ta shigo.

Da farko labarin wasu ƙasashe ne a rediyo. Cikin sati uku ya zama labarin layinsu. Aka sa dokar zaman gida, jirage suka tsaya, aka rufe tasha da sarƙa. Filin ƙwallon aka kafa masa tantuna. Sista Mai Biro ta bugo waya ta ce shirin bai mutu ba, za a ci gaba ta waya, duk Talata kamar yadda aka saba.

Gidan nasu yana da ɗan lungu daga ƙofar shiga zuwa kicin, taku goma sha ɗaya. Shi ya zama filinta. Da safe Maman 'Yan Biyu ta kira, kowacce ta sa waya a kunne, su yi ta kai da kawowa a gidajensu suna hira. "Na kai firij," in ji Maman 'Yan Biyu. "Na gaishe shi na wuce, bai ji daɗi ba." Inna na zaune a bakin gado tana bin 'yarta da ido, je ki dawo, je ki dawo, har ta ce jiri take sa ta.

Auta yana aiki a kamfanin raba kaya, shi dokar ba ta hana shi fita ba. Sau ɗaya a sati yake hawowa ya ajiye musu leda a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ja baya ya tsaya a matakala da takunkumi a fuska. Abin da ba ya lalacewa yake kawowa: taliya, shinkafa, burodi, mai, sukari, biskit. Ganye da 'ya'yan itace kwana biyu suke yi su ƙare. Ta so ta ce masa ya daina kawo biskit, amma ta ga idanunsa sun faɗa don gajiya, sai ta ce, "Sannu, Auta. Allah ya tsare."

Inna kuwa, tun da take, hanya ɗaya ta sani ta nuna ƙauna. In ta ga 'yarta ta yi shiru, sai ta lallaɓa kicin ta soya wani abu ta kawo. "Ci, 'yar nan. Wannan zaman ba a yin sa da yunwa." In ta ce ta ƙoshi, Inna ta ɓata rai har yamma. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da takwas, a kulle a ɗaki biyu. Anti Tikiti ta ga gara ta ci.

Rediyon Inna ba ya mutuwa, kuma kullum maganarsa ɗaya: cutar ta fi kama tsofaffi da masu ƙiba. A faɗa da safe, a faɗa da rana, a kawo likita ya maimaita. Su biyun nan da ake nufi suna zaune a ɗaki ɗaya suna ji, ba mai kallon wata. Ko da aka sassauta doka aka ce mutum na iya fita ya miƙe ƙafa na awa ɗaya, Anti Tikiti ba ta fita ba. In ta ɗauko cutar, ita ce za ta kai wa Inna har gado.

Wayar Talata ma ba ta zama kamar zaman Talata ba. Bangon gidan siriri ne, kunnen Inna kuma garau yake. Sista ta ce, "Yaya zuciyar a satin nan?" Anti Tikiti ta dubi ƙofa ta ce, "Da sauƙi." Ta gwada shiga banɗaki ta buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufe muryarta, sai Inna ta buga ƙofa tana tambaya ko lafiya. A asibiti, in ta ce da sauƙi, Sista takan zare biro daga kunne ta ajiye, ta zuba mata ido har sai gaskiya ta fito. A waya ba ido. Sista ta ce, "To madalla," ta wuce tambaya ta gaba, ana jin hayaniya da kiran sunanta a bayanta.

A wata na uku aka mayar da otal ɗin da Maman 'Yan Biyu ke aiki wurin killace matafiya, aka kira masu wanki su dawo. Anti Tikiti ta ce kada ta je. "In ban je ba wa zai wanke musu zanen gado?" in ji Maman 'Yan Biyu. "Kuma ni cutar nan in ta shigo jikina ɓata za ta yi, ba za ta gane hanya ba." Bayan sati biyu ta fara tari a waya. Ta ce sanyin injin wanki ne. Ran Laraba ba ta kira ba. Ran Alhamis wayarta a kashe.

Kwana tara bayan haka ɗaya daga cikin 'yan biyun, budurwa mai aikin koyarwa, ta bugo. Muryarta a bushe, ta gaji da kuka. Ta ce Mama ta rasu da safe, ba a bar su sun gan ta ba. Ta ce ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, wata nas ta gaya mata cewa kullum sai sun kifa Mama a kan cikinta don ta samu numfashi, kuma sai mutum shida sun taru kafin su iya juya ta. Yarinyar godiya take yi wa ma'aikatan, ba ta nufi komai ba.

Anti Tikiti ta yi mata gaisuwa, ta ajiye waya. Maganar mutum shidan nan ta shiga kanta ta ƙi fita. Tana wanke kwano tana ganin su, shida, sanye da fararen kaya, suna haɗa baki su ɗaga. Washegari ta tsaya a bakin lungu da na'urar ƙirga taku a hannu, ta dubi ƙofar kicin, ta koma ta kwanta. Ba ta sake maƙala ta ba.

Talatar da ta biyo baya ta shirya za ta faɗa wa Sista komai, ko Inna ta ji ko kada ta ji. Da wayar ta yi ƙara, muryar namiji ce, saurayi, mai ladabi. Ya ce an mayar da Sista ɗakin masu annoba, shi zai riƙa kira. Yana da tambayoyi tara a takarda. "A sati biyun da suka wuce, kwana nawa kika ji ba kya sha'awar komai? Babu, kaɗan, fiye da rabi, ko kusan kullum?" Ta ce kaɗan. Wani satin wata murya ce daban, tambayoyin dai su ne. Nan da nan ta gane amsar da ke sa a gama da wuri, ta riƙa ba da ita. Sannan maganinta ya yanke a kantin asibiti, aka ce a koma wa tsohon kafin kaya su iso. Kayan ba su iso ba. Kilo taran nan suka dawo cikin wata biyu, suka zo da 'yan rakiya.

Da jirage suka dawo aiki, wasiƙa ta zo daga ofis. An ce saboda lafiyarta, ta ci gaba da zama a gida tukuna. Bayan wata huɗu wata ta biyo: yanzu ta waya da na'ura ake sayen tikiti, taga ɗaya za a bari, an ba ta ritaya da godiya bisa dogon aiki. Auta ya je ya kwaso kayanta a kwali ɗaya, kofin shayi da ɗan madubi da takalmin da take canjawa. Ya ce masu shara suna gaishe ta. Ta ce tana amsawa.

Wata safiya, wajen ƙarfe goma, ta ji ƙara a banɗaki. Inna ce santsi ya kwashe, tana kwance a gefe ɗaya tsakanin bango da bokiti, tana nishi a hankali. Anti Tikiti ta sunkuya ta kama ta ta hammata, ta ja, numfashinta ya ɗauke, gwiwarta ta ƙi. Ta durƙusa don ta samu ƙarfi, ta sake ja, ba ta iya ba. Da ta zo miƙewa, ita ma ta kasa. Ba abin kamawa sai famfo, kuma ta san ba zai ɗauke ta ba. Da rarrafe ta kai ɗaki ta jawo waya ta kira Auta. Yana can ƙarshen gari da kaya a mota.

Kusan awa biyu suka yi a ƙasan banɗakin. Ta jawo tawul ta rufe Inna, ta ɗora kanta a cinyarta. Ruwa ya jiƙa musu kaya. Inna, wadda ko nauyin buhun shinkafa ba ta kai ba, ta ɗago ido ta ce, "Kada ki damu, Anti Tikiti. Ai mun huta." Ta so ta sa 'yarta dariya. Anti Tikiti ta kau da kai ta kalli bango.

Auta ya zo da maƙwabci. Auta shi kaɗai ya ɗauki Inna kamar jaririya. Anti Tikiti kuwa sai da su biyun suka kama ta, ɗaya ta nan ɗaya ta can, maƙwabcin yana kallon gefe don kada ya ba ta kunya.

Ƙashin ƙugun Inna ya tsage. Da aka sallame ta daga asibiti, Auta da matarsa suka ce gidansu za ta zauna, tunda a ƙasa yake ba matakala. Ba wanda ya ce Anti ta gaza, ita ma ba ta yi musu ba. Auta ya ce, "Yaya, ki zo mu ma mu matsa, falo ya ishe ki." Ta ce a'a, yaransa uku, ina za a sa ta.

Sista Mai Biro ta kira sau ɗaya bayan annoba ta lafa. Muryarta ta canja, ta yi ƙasa. Ta ce an rufe shirin, ma'aikatan an rarraba su, ba a san ranar da za a sake buɗewa ba. Daga cikin su takwas, biyu sun rasu, uku ba a samun wayarsu. Ta ce ta sa sunan Anti a layin likitan jiki da kuma layin likitan ƙwaƙwalwa, na farko wata huɗu, na biyu wata bakwai. Sannan ta ce, "Ki yafe mini, Anti. Na bar ki a tsakiyar hanya."

"Ba ke kika bar ni ba, Sista. Ke yaya kike?"

"Ni ma ba na barci sosai," in ji ta. Aka kira Sista, ta ajiye.

Ranar ganin likitan farko ta zo ta wuce, Anti Tikiti ba ta je ba. Ta yi wanka, ta sa kaya, ta buɗe ƙofa ta dubi matakalar, ta tuna cewa duk wanda ya sauka sai ya hawo. Ta rufe ƙofa ta zauna da kayan a jikinta har la'asar.

Yanzu shekararta hamsin da ɗaya. Mutanen da suka tare a bene na biyu sun yi wata shida suna zaton gidan sama ba kowa. Tana shan maganinta, tana kallon talabijin ba murya, tana amsa wayar Inna. Matar Auta, mace mai haƙuri marar yawan magana, tana zuwa duk sati ta share gidan, ta wanke mata kai, ta yanke mata farcen ƙafa, domin hannunta ya daina kaiwa.

Ranar nan tana zaune a ƙasa da ƙafar Anti a cinyarta, ta ce, "Yaya, yau garin da daɗi, ba rana sosai. Ko mu sauka bene ɗaya mu dawo? Ɗaya kawai. Ina riƙe da ke."

Anti Tikiti ta yi kamar tana tunani. Ta ce, "Bari dai sati mai zuwa, ƙanwata. Yau gwiwar ba daɗi."

Matar Auta ta ce to. Ta tattara farcen a tafin hannunta, ta sauke ƙafar a hankali, ta ce, "Kawo ɗayar."